Kokawa Da Ciwon Baya: In An Tashi Daga Fili, Wa Ke Jinya?

A kakar bara na je garinmu ɗaurin aure, ranar kuwa ta faɗo Juma'a. A masallaci sai na hangi wani dattijo a ƙarshen sahu yana salla a zaune bisa kujerar roba, in an yi ruku'u ya ɗan sunkuyar da kai, in an yi sujada ya ƙara sunkuyarwa kaɗan. Sai da aka sallame, jikansa ya zo yana tura masa takalmi a ƙafa saboda ba ya iya duƙawa, sannan na gane shi. Wannan bawan Allah shi ne wanda muna 'yan firamare muke tsere wa aikin gida mu bi makaɗa don mu ga ya shiga fili, ya sunkuci ƙato ya maka da ƙasa, ƙura ta tashi, mata su rangaɗa guɗa. A lissafina bai kai shekara sittin ba.

Na matsa na gaishe shi, na ce, "Kawu, yaya ƙarfin jiki?" Ya ce, "Da sauƙi ɗana, sai dai kwankwason nan. Kayen da na yi wa mutane ne yake dawo mini ɗaya bayan ɗaya." Ya yi dariya, waɗanda ke wurin suka taya shi. Ni dai dariyar ba ta zo mini ba, domin a gidana akwai ɗan yayata, saurayi ɗan shekara ashirin da ɗoriya, wanda ke wuni bisa A Daidaita Sahu, da la'asar kuma ya wuce wajen koyon judo, kuma tuni ya fara tashi daga barci yana dafa bango.

Wannan ne ya sa na ga ya dace in ɗauki alƙalami a kan batun da ban taɓa jin wani kwamishinan wasanni ko wani shugaban ƙaramar hukuma ya ɗaga ba, wato halin da ƙashin bayan 'yan kokawarmu yake ciki, musamman waɗanda ba sana'arsu ba ce, masu yi don sha'awa, ko don kare sunan unguwa, ko don ɗan abin da za a liƙa musu a goshi.

Idan ana maganar kokawa a jarida, manya ake ambata. Za a tuna mana cewa Blessing Oborududu ta ciyo wa Nijeriya lambar azurfa a gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, wadda ita ce lambar farko da ƙasar nan ta samu a kokawa a wannan gasa. Za a tuna mana da Daniel Igali, ɗan Bayelsa da ya ci wa Kanada zinare a Sidni a shekarar 2000. A makwabciyarmu Nijar kuwa, tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, inda Kantu na Maradi ya yi sarauta, har zuwa zamanin su Issaka Issaka na Dosso, ƙasar kan tsaya cik duk lokacin da ake kokawar. To amma waɗannan 'yan ƙalilan ne. A ƙarƙashinsu akwai dubban samari a ƙauyukan Sakkwato da Kabi da Katsina da Jigawa da ke shiga fili bayan an yi girbi, ga kuma sabon ayari a birane, masu zuwa filayen wasa da ɗakunan motsa jiki suna koyon judo da kokawar zamani da irin kokawar ƙasa ta mutanen Burazil da ake kira jijitsu, wadda kallon su Kamaru Usman a talabijin da waya ya cusa wa yaranmu sha'awarta. Har ma'aikatan banki da lauyoyi na sani da suka fara zuwa bayan sun haura shekara talatin da biyar, wai don rage tumbi. Babban ɗan wasa yana da mai horarwa da likita da lokacin hutu. Shi kuwa ɗan sha'awa, in ya ji ciwo da dare, da asuba zai fita neman abin sawa a bakin salati.

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayanin abin da muke magana a kansa, gwargwadon abin da na fahimta daga karance-karance da kuma zama da masu aikin gashin ƙashi. Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne aka jera ɗaya bisa ɗaya, bakwai a wuya, goma sha biyu a gadon baya inda haƙarƙari ke maƙale, biyar a kwankwaso, sannan waɗanda suka manne da juna a ƙugu har zuwa tsiya. Tsakanin kusan kowane biyu akwai wani faifai mai tauri a gefe da taushi a tsakiya, wanda ke aiki irin na matashi, yana shanye nauyi da girgiza. Ta cikin ƙasusuwan nan kuma laka ta ratsa, jijiyoyi suna fita daga gare ta zuwa hannuwa da ƙafafu da mafitsara. Faifan nan yana jure nauyi ƙwarai in mutum yana miƙe. Abin da ba ya so shi ne a haɗa masa abu uku lokaci ɗaya: a duƙa, a ɗauki nauyi, a kuma murɗa. To, mai karatu, ka rufe ido ka tuno ɗan kokawa ya rungumo abokin karawarsa ta ƙugu, ya ɗaga shi, ya juya da shi zai nana da ƙasa. Abu ukun nan ne cif. Shi ya sa mafi yawan faifan da ke fashewa ko bullowa ya danne jijiya a biyun ƙarshe na kwankwaso ake samun su, kuma shi ne ciwon da mutum zai ji yana tsarga masa daga ɗuwawu, ya bi bayan cinya har zuwa tafin ƙafa.

Wuya kuma nasa ya fi haɗari. Kan babban mutum ya kai nauyin kilo biyar ko kusa da haka, ƙananan ƙasusuwa bakwai ɗin nan ne ke riƙe da shi. A kokawa da kai ake turawa, a wuya ake rataya hannu a ja, a jijitsu kuwa sau da yawa akan naɗe mutum har gwiwoyinsa su kai fuskarsa, nauyin abokin karawa gaba ɗaya ya sauka a kan wuyansa da kafaɗunsa. Wanda aka kayar ya sauka da ka, ba ciwon kwankwaso ake ji masa tsoro ba, shanyewar jiki ce ta har abada.

Yanzu bari in zo kan maganar tsayuwa da zama, domin nan ne na ga ana yawan ruɗar mutane. Kowa ya san siffar tsohon ɗan kokawa: kafaɗu sun zubo gaba, gadon baya ya ɗan yi doro, wuya ya miƙa kamar mai leƙen rijiya. Ba abin mamaki ba ne, domin tsayuwar kokawa ke nan, a rankwafe, gwiwa a tanƙware, hannuwa a gaba, kuma jiki yakan ɗauki siffar aikin da aka fi sa shi. Tun a 1990 wasu likitoci a ƙasar Suwidin suka ɗauki hotunan ƙashin bayan manyan 'yan wasa, suka tarar da sauye-sauye a ƙasusuwa da faya-fayan 'yan kokawa da masu wasan alkafura fiye da yadda ake gani a jikin waɗanda ba sa wasa. Wannan gaskiya ne. To amma daga nan sai 'yan kasuwa suka ɗora nasu. Yau in ka buɗe waya sai ka ga ana tallan ɗamara da wata 'yar shara mai igiya, wai in ka ɗaura za ta miƙar maka da baya ciwo ya tafi. Ɗan yayata ya sayi irinta da kuɗin wuni biyu, ya ɗaura mako guda, ya jefar.

Abin da masana suka fi karkata a kai a yanzu shi ne, alaƙar siffar tsayuwar mutum da ciwon bayansa ba ta kai yadda aka daɗe ana zato ba. Akwai masu doro da ba su san ciwon baya ba, akwai kuma miƙaƙƙu kamar goran zuma da ba sa barci saboda shi. Haka nan in aka sa mutanen da ba abin da ke damunsu a na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, za a samu da yawa daga cikinsu faifansu ya ɗan bullo ko ya motse, suna kuma harkokinsu lafiya lau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya, amma kusan kashi 90 cikin ɗari ba a iya nuna wani takamaiman ƙashi ko faifai a ce ga mai laifin. Ni a fahimtata, matsalar ɗan sha'awa ita ce daɗewa a siffa ɗaya da kuma hawa nauyi babu tsani. Ka ɗauki ɗan yayan nan nawa. Awa tara ko goma yana zaune a rankwafe bisa sitiyari, kowane rami na titi yana dukan kwankwasonsa. Daga nan bai miƙe ba, bai ɗumama jiki ba, sai ya faɗa kan katifa ya sake rankwafawa, wannan karon da ƙato mai kilo tamanin a wuyansa. Ma'aikacin ofis ma haka, daga kujera zuwa mota, daga mota zuwa fili. Manomi kuwa ya kwashe damina a duƙe da fartanya, ya yi dakon buhuna da kaka, sannan makaɗi ya kira sunan kakansa. Wane baya ne zai ɗauki wannan bai yi ƙara ba?

Inda abin ya fi tayar mini da hankali shi ne yara. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to amma ɗanyen iccen in aka matsa masa tsagewa yake yi. Yaro ɗan shekara goma sha uku zuwa sha bakwai ƙashin bayansa bai gama ƙosawa ba. Yawan lanƙwasa baya ta baya, irin wanda ake yi in ana gantsarewa a kan ka da duga-dugai don kada kafaɗa ta taɓa ƙasa, ko in ana jifa da mutum ta sama, yakan jawo 'yar siririyar tsaga a bayan ƙashin kwankwaso, galibi na biyar. Ba karaya ce ta rana ɗaya ba, a hankali take samuwa kamar yadda waya ke tsinkewa in ana ta lanƙwasa ta. In an gano da wuri aka ɗauke wa yaron wasa na 'yan watanni, sau da yawa takan warke. In aka ce ragwanci ne ya ci gaba, ƙashin na iya zamewa gaba, ya zame masa abokin zama. Babba in ya ce bayansa na ciwo, mafi yawan lokuta tsoka ce, cikin makonni shida abin ya lafa. Yaro ɗan wasa kuwa in ya yi mako biyu ko uku yana kukan baya, musamman in ciwon na ƙaruwa idan ya gantsare, to a kai shi a duba.

Akwai darasi a tarihin judo da ya kamata masu kokawarmu su duba. Mutumin da ya kafa wasan a Tokyo a 1882 sunansa Jigoro Kano (ba shi da wata dangantaka da Kanon Dabo, duk da na sha jin yara suna bugun ƙirji da shi). A tsarinsa, kafin a koya maka yadda za ka kayar da wani, sai an koya maka yadda za ka faɗi: ka manna haɓa da ƙirji, ka dunƙule baya, ka bugi ƙasa da hannu don ƙarfin faɗuwar ya watsu. Duk da haka, wani malamin jami'a mai suna Ryo Uchida ya tattara alƙaluma da suka nuna ɗalibai fiye da ɗari sun mutu a wasan judo a makarantun Japan tsakanin 1983 da 2011, akasarinsu daga buguwar kai, kuma da yawansu sababbin shiga ne da aka haɗa da waɗanda suka fi ƙarfinsu. A Faransa kuwa, inda judo ya yi farin jini ƙwarai, tun 1955 doka ta hana mutum buɗe wurin koyar da shi sai da takardar shaidar gwamnati. Wasa ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne wanda aka damƙa wa yaran. A nan wurinmu fa? Duk wanda ya taɓa cin wata gasa, ko ya kalli bidiyo ya ishe shi, sai ya shimfiɗa katifu biyu bisa siminti ya fara karɓar kuɗin wata. A kokawar gargajiya ma ban taɓa ganin inda ake koya wa yaro faɗuwa ba, domin a ganinmu koyon faɗuwa kamar yi wa kai baki ne. Laya da guru dai ana ɗaura su da yawa. Ba na raina imanin kowa, amma na ga an haɗa ɗan shekara sha shida da magidanci a fili mai tauri kamar daɓe, saboda kawai 'yan kallo na son ganin abin mamaki.

Sai kuma babbar musiba, wato ƙwaya. Ranar da na binciki aljihun ɗan yayata na samu tiramadol, ban yi barci ba. Da na tsare shi, sai ya ce, "Kawu, wallahi ba don maye nake sha ba, in ban sha ba ba na iya zama a kan mashin ɗin." Na yarda da shi, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro, domin ta wannan ƙofa mutanen kirki da yawa suka shiga. Ciwo ɗan aike ne, jiki magayi. In ka toshe bakin ɗan aiken ka koma fili, ɓarnar tana nan tana ci, kai ne kawai ba ka ji. Masu sha'awar kokawa suna yawan ba da labarin Kurt Angle na Amurka, wanda ya ci zinare a Atlanta a 1996 da karaya a wuya, a matsayin misalin jarumtaka. Ba sa ƙarasa labarin: bayan ya koma kokawar talabijin wuyan ya sake karyewa, kuma shi da bakinsa ya faɗa wa duniya yadda jarabar ƙwayoyin kashe zafi ta kusa halaka shi. Tun daga watan Janairun 2024 hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta tiramadol a lokacin gasa, amma wa zai gwada fitsarin ɗan kokawar ƙauye? Ko magungunan ciwon jiki da ake saya a kemis kamar gyaɗa, in aka daɗe ana sha, suna cin ciki suna taɓa ƙoda, balle a ce mutum ya sha su ya shiga rana yana zufa bai sha ruwa ba.

Ba ina cewa duk mai ciwon baya ya ruga asibiti ba ne. Mafi yawansa yana tafiya da kansa in mutum ya rage nauyi, ya ci gaba da tafiya da ƙananan ayyuka, domin kwanciya magashiyan kwana da kwanaki ƙara sandarar da baya take yi. Amma akwai alamomin da ba a kwana da su. Idan ƙafa ta fara rauni ko mutum na jan ta, idan tsakanin cinyoyi da wajen zama suka mutu ba a jin taɓawa, idan fitsari ya ƙi fita ko yake zuba ba da sani ba, to wannan jijiyoyi ne aka danne, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya zama bambanci tsakanin warkewa da nakasa. Haka kuma ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi da rama da zufar dare, kada a ɗora wa kokawa, domin tarin fuka yana cin ƙashin baya, kuma har yanzu muna da shi a ƙasar nan. Ina girmama masu ɗori, na ga hannuwa da ƙafafun da suka gyara, kuma wanzami ya sha yi mini ƙaho. To amma ƙashin da laka ke ciki ba na ja da murɗawa ba ne. Muna da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, muna da sassan gashin ƙashi a asibitocin koyarwa na Shika da Sakkwato da Maiduguri da sauransu.

Wani abu kuma da nake roƙon duk mai shirya kokawa ya sani: idan ɗan wasa ya sauka da ka ya kasa tashi, ko ya ce hannunsa ko ƙafarsa ba sa motsi, kada a ɗaga shi. Abin da muka saba gani shi ne abokai su rugo, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, kai yana reto, wani ya kwara masa ruwa, wani ma ya ja wuyan wai ya koma wurinsa. Mai yiwuwa faɗuwar ƙashi kawai ta tsaga, ɗaukar ce za ta yanke lakar. Mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kan da hannu biyu kada ya motsa, a nemo faffaɗan katako ko da ƙyauren ɗaki ne, a mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume a ɗora, sannan a nufi asibiti. Wannan bai buƙatar kasafin kuɗi.

Na san wasu za su ce ga ɗan boko ya zo zai kashe mana al'ada. Allah ya kiyaye. Da ɗan yayata ya zauna a majalisar 'yan shaye-shaye, gara ya wuni a kan katifa, kuma bayan da ke motsi yana ɗaukar nauyi daidai kima ya fi wanda ya ruɓe a kujera lafiya. Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Hukumomin wasanni na jihohi da ke raba kofuna da babura a ranar rufe gasa, me zai hana su tara masu horarwa da sarakunan kokawa na mako guda, a koya musu taimakon farko da yadda ake koyar da faɗuwa, kuma a hana wanda bai halarta ba tara yaran mutane? Masu shirya gasa su zuba yashi mai kauri a fili, su raba 'yan wasa bisa shekaru da nauyi, su ajiye ma'aikacin lafiya ko da ɗaya ne. Ku kuma iyaye 'yan'uwana ma'aikata da ke sauke yara a ƙofar wajen horo ku wuce, ku daure ku shiga sau ɗaya ku danna katifar da ƙafa, ku ga ko siminti za ku ji, ku kuma tambayi malamin mako nawa yaro ke yi yana koyon faɗuwa kafin a fara jifa da shi.

Ni na je na yi wa malamin ɗan yayata wannan tambaya. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ai in na tsaya koya musu faɗuwa wata guda, duk guduwa za su yi, su kaye suka zo koya." Ban ga laifinsa sosai ba, da kuɗin watan yake ciyar da iyalinsa. Yaron dai na kai shi an duba, aka ce faifai ne ya ɗan taɓa jijiya, ba sai an yi aiki ba. An ɗora shi kan motsa jiki na ƙarfafa ciki da baya da cinyoyi, an ce ya riƙa sauka daga mashin yana miƙewa lokaci-lokaci, ya kuma bar katifa na wata uku, ƙwayar kuma ana janye masa ita a hankali. Ya cika wata biyu yanzu, kuma shekaranjiya na ga ya wanke farar rigar judonsa ya shanya a igiya.